Igiyar da Muka Bari a Tawa

Tun da na dawo makaranta ba a bar ni na huta ba. A ɗakin kwana, a bakin masallaci, har a wurin mai ƙosai, tambayar ɗaya ce: "Nasiru, yaya Nijar?" Ni kuwa kun san ba gwanin magana ba ne. Da zarar mutum uku sun zuba mini ido sai abin da zan faɗa ya gudu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma ji cewa Bashar da Sanusi, 'yan Maiyama, suna shirin zuwa Agadas idan an yi hutu. To ku biyun nan ku karanta a tsanake kafin ku ɗaura kaya.

Ba yawo ne ya kai ni ba. Yayan mahaifiyata, Kawu Mamman, maɗori ne a Aliero, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Akwai kuma wani Buzu mai suna Agali da ke gadin rumfunan hatsi a kasuwar Jega. Tun ina firamare na san shi, yana zaune a kan tabarmarsa da butar shayi, amma ban taɓa ganin bakinsa ba, domin kullum rawaninsa a naɗe yake har bisa hanci. Wata safiya cikin bazara ya iso gidan Kawu a kan babur. Ina nan na zo gaisuwa. Ya ce an yi masa waya daga Abalak cewa 'yarsa Mariyama ta faɗo daga kan jakin da ke jan igiyar rijiya, cinyarta ta karye. Tana can daji a wurin mahaifiyarta, kuma kafin a sami wanda zai je inda waya ke kamawa an riga an ɗauki kwanaki.

"Shekarunta nawa?" in ji Kawu.

"Ba ta fara azumi ba tukuna."

Kawu ya girgiza kai. "Ƙashin yaro ba shi jira. In yak kama a karkace, sai an sake karya shi kahin a ɗora, ni kau ban son wannan aiki. Gobe mu tashi."

Ya dube ni ya ce tun da ina hutu, kuma na ɗan tsinci Faransanci a littattafai, ni zan riƙe masa takardu da jakar aiki. Ban iya cewa a'a ba. Na ji maganar jaki mai jan igiya, na ɗan yi mamakin abin da ya haɗa jaki da ɗibar ruwa, amma ban tambaya ba.

Da yamma na je garinmu Gehuru na sallami Inna. Da ta ji inda za mu, sai ta tafi bakin rijiyar gidanmu ta kwance igiyar da gugan gaba ɗaya, ta naɗe ta miƙo mini.

"An ce ƙasarsu ƙishi ta," in ji ta. "Riƙe wagga. Mu ma ara ga maƙwabta."

Shawarata ta farko ita ce takardu. Ku tanadi fasfo ko katin shaida, da katin allurar shawara, kuma ku tambayi wanda ya tsallaka kwanan nan, domin abin da ake nema a iyaka yana canjawa, haka ma lafiyar hanya. Kada ku dogara da labarin bara. Mun bi ta Tambuwal da Sakkwato muka isa Illela, muka tsallaka Birnin Ƙonni. Ba a wahalar da mu ba. Abin da ya tsayar da mu kawai buhun albasar Kawu ne. Kun san mutumin Aliero ba ya shiga gidan mutane hannu sake, kuma ba ya ganin akwai tsarabar da ta kai albasa. Wani jami'i ya buɗe bakin buhun, ya leƙa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Baba, albasa kaka kawo muna Nijar? Ga Galmi, garin albasa, nan kusa?"

"Taku ta ado ta," in ji Kawu. "Wagga ita ka sa miya magana."

Suka yi ta dariya, suka ɗaure masa buhun da kansu.

Daga Ƙonni Hausar da za ku ji kusan tamu ce, sai dai kalmomin Faransanci da suka cusa a ciki. Ku canji kuɗi a nan, ku sayi layin wayarsu, kuma ku gaya wa na gida tun da wuri cewa akwai inda za ku shiga babu waya sam, don kada a zauna ana kukanku. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri. Na gutsura da ƙarfi ya yanke mini dasashi, Kawu ya ce ga ɗan boko burodi ya ji masa ciwo tun ba a shiga daji ba.

A Tawa muka sauka gidan wata dattijuwa, Hajiya Zali, wadda mutanen arewa ke sauka wurinta. Babu mai kwana a ɗaki saboda zafi, kowa a tsakar gida yake shimfiɗa. A nan na fara lura da gaisuwarsu. Mu a gida daga nesa muke ɗaga murya mu gaisa. Su kuwa sai sun matso kusa, su shafa tafin juna su janye, su sake shafawa su janye, suna tambayar lafiya da murya ƙasa-ƙasa kamar masu gudun kada wani ya ji. Shayi kuma zagaye uku ne, kada ka sha na farko ka miƙe. Ni na miƙe, sai da Agali ya jawo gefen rigata.

Agali ya samo mana motar da za ta shiga daji, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, ta wani direba Isufu. An riga an cika ta da buhunan gero na mutane. Agali ya kawo nasa kayan ya ajiye, a ciki har da wani ƙaton naɗin igiya shuɗiya, mai kauri, wanda da kyar mutum ɗaya ke ɗagawa, sannan ya koma kasuwa sayen ganyen shayi da sukari. Isufu yana kwance a ƙarƙashin mota ya ɗaga murya ya ce kaya sun yi yawa, a rage wani abu mai nauyi.

Kawu ya dubi buhun albasarsa, ya dubi naɗin igiyar.

"Wagga tsaraba ta, ko haja ta sayarwa," in ji shi. "Ana iya aika mai da ita daga baya. Nasiru, ba mu da igiya?"

Na ciro ta Inna. Kun san halina, sai da na warware ta na auna da gaba, na duba ko akwai inda ta ci. Na tuna duk rijiyoyin da na sani, daga Gehuru zuwa Dangamaji har Maiyama, da na fadamar albasa waɗanda mutum ke durƙusawa ya ɗebo da ƙwarya. Babu wadda igiyar nan ba za ta kai ƙasanta ba har ta yi saura.

"Ta isa, Kawu," na ce.

Muka kai naɗin Agali ɗakin ajiyar Hajiya Zali, muka ɗora albasa, aka ja tamfol aka ɗaure. Da Agali ya dawo mota ta riga ta tashi tana jiransa. Babu wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Har Abalak akwai kwalta, ko da yake ta mutu a wurare da yawa. A can aka sauke rabin geron, muka cika jarkokinmu da ruwa. Daga nan muka saki hanya muka yi arewa maso yamma, muna bin sawun tayoyin da wani lokaci ake gani, wani lokaci su ɓace. Ku sa takalmi mai rufi da wando mai kauri. Na sauka kama ruwa da silifas, ƙarangiya ta lulluɓe mini ƙafa har idon sawu, na yi rabin yini ina cira. Ku kuma nemi rawani ko babban mayafi, hula ba ta tsare komai.

Abin da ban shirya masa ba shi ne shirun wurin. A gida ko cikin gona kake za ka ji injin ban ruwa, ko babur, ko wani yana kiran wani. A can idan Isufu ya kashe mota don a yi salla, sai ka ji jininka yana bugawa a kunne. Mun wuce wata bishiyar ƙaya da aka rataya wa kaya, tabarmi da turmi da jakunkunan fata, babu kowa kusa. Agali ya ce masu su sun yi kudu neman ciyawa, za su dawo da damina su tarar da abinsu. Mun wuce mushen shanu da suka bushe a kwance, fata a manne da ƙashi, babu ko ungulu. Isufu ya fara fito don ya kori shirun, Agali ya dafa masa kafaɗa.

"Ba a yin wannan a nan. Wurin da babu mutane, akwai masu shi."

Isufu ya yi dariya, amma bai sake ba.

Washegari da hantsi tiyon lagireto ya fashe. Isufu ya naɗe shi da roba da waya, ya ɗura ruwan jarka, muka ɗan taɓa tafiya, ya sake zubarwa. Kafin ya samu ɗaurin ya zauna, ruwanmu ya tafi sai abin da bai kai rabin jarka ba. Agali bai damu ba. Ya ce akwai rijiya gaba kaɗan, daga ita kuma zuwa wurin iyalinsa tafiyar yini ɗaya ce. Muka lallaɓa motar tana tururi har muka isa.

Ban taɓa ganin rijiya irinta ba. Fili ne fetal, an tattake shi da sawun dabbobi ta kowace fuska, tsohon kashin raƙuma ya rufe ƙasa. A tsakiya ga baki mai faɗi, an kewaye shi da manyan gungumen itace, kuma igiyoyin shekaru sun ci itacen sun yi masa zurfafan tsagogi kamar an shata da wuƙa. Daga bakin rijiyar wasu hanyoyi siriri sun miƙe sun yi nisa cikin fili. Babu guga, babu igiya, babu mutum. A can kowa da tasa igiyar yake zuwa, ya kuma tafi da ita.

Agali ya hau bayan mota ya ɗaga tamfol. Ya ɗaga buhu, ya ɗaga wani. Ya daɗe a tsaye yana kallon buhun albasa.

"Malam Mamman, ina igiyata?"

"Tana Tawa, wurin Hajiya. Kada ka damu, muna da tamu. Nasiru, kawo."

Na kawo. Agali ya karɓa ya riƙe a hannu ɗaya kamar mai auna nauyin kaza. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ya ba ni, ya nuna mini rijiyar. Na saki dutsen. Na saurara, ban ji komai ba. Har na buɗe baki zan ce ai ta ƙafe, sannan ƙarar ta iso, ƙarama, daga wani wuri mai nisa ƙwarai. Wasu kurciyoyi suka taso daga ciki suka wuce ta gefen fuskata, wata iska mai sanyi ta biyo bayansu.

A lokacin na gane aikin jakin. Waɗannan siraran hanyoyin da suka miƙe cikin fili, nan ne yara ke kora jaki yana jan igiya har guga ya fito. Tsawon hanyar shi ne zurfin rijiyar. Na bi ɗaya da ido har inda ta ƙare, na dubi igiyar Inna.

Isufu ya fara faɗa. "Albasa! Kun bar igiya kun ɗauko albasa! Sai ku matse ta mu sha!"

"Kai kac ce a rage kaya," in ji Kawu.

"Na ce a rage kaya, ban ce a rage rai ba!"

Agali ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce mu kwance igiyoyin da aka ɗaure kaya da su mu haɗa. Muka haɗa da ta Inna, muka zura buta, ba ta kai ko kusa ba. Ya dubi jakar Kawu. A ciki akwai bandir guda na farin yadi wanda Kawu ke yagawa yana naɗe ɗori da shi. Kawu ya rungume jakar.

"Wanga na ƙahwar ɗiyarka na. In yal lalace ko yaf faɗa ciki, da mi za ni ɗaure ta? Rijiya wagga ga sawu nan ko'ina. Wani shina zuwa."

Agali ya ce mai yiwuwa ne. Muka zauna jira a inuwar mota, muna kurɓar ruwa da murfin jarka.

Babu wanda ya zo ran nan. Babu wanda ya zo washegari. Da rana kawalwalniya takan cika filin, ka ga kamar tafki ya kewaye mu, wani lokaci ka ga wasu dogayen abubuwa baƙaƙe suna tafiya a cikinta kamar mutane a jere. Sau biyu ina miƙewa ina ɗaga hannu. Agali ya ce in zauna, itatuwa ne. Rijiyar kuma tana da wani sauti idan iska ta bi ta bakinta, kamar mutum yana nishi a cikin tulu. Isufu ya leƙa ya yi sallama da wasa, muryarsa ta daɗe kafin ta dawo, kuma da ta dawo ba ta yi kama da tasa ba. Daga nan ya koma cikin mota ya rufe ƙofa. Kawu ya zauna a kan tabarmarsa. Na gan shi yana shafa cinyarsa da yatsu, yana lalube, kamar yana auna abin da ke faruwa da wata cinyar a wani wuri.

Da gari ya sake wayewa, na zagaya bayan mota don in yi taimama, sai na ga sawu. Sawun raƙumi ɗaya ne, sabo, a kan sawun tayoyinmu. Ya fito daga gabas, ya zagaye motar da mu duka a ciki, kusa ƙwarai har ya taka gefen tabarmar Kawu, sannan ya koma inda ya fito. Babu wanda ya ji komai a cikinmu. Bai je bakin rijiya ba.

Isufu ya ce ɗan leƙen asirin 'yan fashi ne, ya je kiran sauran. Agali ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawun.

"Ko ɓarawo ne, in ya zo rijiya yana shayar da raƙuminsa," in ji shi. "Kuma ba a ganin mutane a kwance a bakin ruwa a wuce ba a tambaye su ba."

"To wane ne?" na ce.

Ya gyara rawaninsa ya ƙara ja shi sama. Kawu ya tashi ya buɗe jakarsa, ya ciro bandir ɗin ya ajiye a gaban Agali.

Muka yaga yadin a tsaye, muka murɗa, muka ƙulla. Ni aka ba duba ƙulli, na bi kowanne na ja da ƙarfina. Muka ɗaura ƙaramar jarka da dutse a wuyanta don ta nutse, muka zura a hankali. Yadi ya ƙare a hannun Agali, ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannunsa cikin rijiyar iyakar tsawonsa. Jarkar tana lilo a sama, ba ta taɓa ruwa ba. Muka ƙara mazagin wandon Isufu da igiyar jakata. Agali ya ce yana jin saura kaɗan.

Ya ba ni bakin igiyar na riƙe. Ya tashi zaune, ya juya ya dubi gabas inda sawun ya tafi, ya yi bisimilla, ya kai hannu bayan kansa ya fara warware rawaninsa.

Ku da ba ku zauna da Buzaye ba, ba za ku gane girman abin ba. Namijinsu ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane, ko abinci zai ci ta ƙarƙashin rawani yake kai loma. Kuma Agali ya taɓa gaya mini a Jega cewa ba don kunya kaɗai ba ne, a daji rufe baki tsari ne daga abin da ke yawo a wurin da babu kowa. Kawu ya juya masa baya nan take. Isufu ya sunkuyar da kai. Ni igiya ce a hannuna, ba ni da inda zan juya. Na ga fuskar wani tsoho wanda ban sani ba, rabinta na ƙasa fari fat kamar ba ta taɓa ganin rana ba, shunin rawani ya rine masa kumatu, leɓɓansa suna motsi yana karanta wani abu. Ya fi yadda nake zato tsufa nesa ba kusa ba. Bai dube ni ba.

Muka ƙulla rawanin. Jarka ta taɓa ruwa.

Mun yi ta ja har rana ta take, kaɗan-kaɗan, hannuwanmu suka sassale. Ruwan yana da sanyi da ɗan wari. Ku riƙi abin tacewa ko ku tafasa, mu dai ba mu tsaya wannan ba. Da lagireto da jarkoki suka cika, Agali ya kwance rawaninsa tun kafin ya sha, ya naɗa shi jiƙe. Sai da ya rufe fuskarsa sannan Kawu ya juyo. Muka bar wurin ba wanda ya waiwaya.

Mun isa wurin iyalin Agali washegari. Bukkoki ne na jar fata, ƙasa-ƙasa, a bayan wani tudu. Matan ba sa rufe fuska, kuma su ne masu bukkokin, namiji baƙo ne a ɗakin matarsa. Aka kawo mana nonon raƙumi da cuku da wani burodi da ake gasawa a cikin rairayi mai zafi. Kawu bai taɓa ko ɗaya ba, ya ce a kai shi wurin yarinya.

Mariyama tana kwance a kan gadon itace, 'yar siririya, an ɗaure mata cinyar da fata da sanduna. Ta dube mu ba tsoro. Kawu ya kwance ɗaurin, ya shafa man shanu, ya rufe ido ya bi ƙashin da yatsunsa daga ƙugu zuwa gwiwa. Ya sake bi. Ya miƙe ƙafafun biyu ya haɗa dugadugai, ɗaya ta fi ɗaya gajarta a fili. Ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Ya fara kamawa," in ji shi.

Agali ya fassara wa matarsa. Ta yi wata gajeriyar magana.

"Ta ce in an bar shi fa?"

"Ta tashi," in ji Kawu, "amma ba ta korar jaki, ba ta bin raƙumi. Gurguwa za ta zama."

Uwar ta dubi 'yarta, ta ɗaga kai sau ɗaya.

Kawu ya sa aka tafasa abin da ya rage na yadin aka shanya. Ya ce Agali ya riƙe ƙugu, ni in riƙe kafaɗu. Uwar ta zauna a wajen kai, ta sa wa yarinyar wata 'yar fata a baki. A Aliero na sha jin ihun manyan maza daga ɗakin ɗorin Kawu, har a bakin titi ana ji. Na shirya wa ihu. Kawu ya yi bisimilla, ya dafa da gwiwarsa, ya danna. Na ji ƙarar a tafin hannuna kafin in ji ta a kunne, kamar an karya ɗanyen kara. Jikinta ya sandare, idanunta suka kafe a kaina, hawaye suka gangara cikin kunnuwanta. Ba ta yi ko tari ba. A wurinsu abin kunya ne a ji kukanka saboda ciwo, har ga yaro. Duk sansanin shiru, sai wata akuya can nesa. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Kawu ya ja ƙafar ya daidaita, ya jera karare ya naɗe. Da ya gama ya fita bayan bukka, na bi shi da buta. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu da fuska.

Mun zauna tare da su har zazzaɓinta ya sauka, Kawu ya koya wa uwar yadda za ta riƙa sassauta ɗaurin. Albasar kuwa an raba ta bukka-bukka, sun yi murna da ita ƙwarai, abin da ya ƙara sa Kawu ya kasa haɗa ido da kowa. Agali ya tsaya a can, ya haɗa mu da wani ɗan'uwansa da ya raka mu har Abalak da igiyarsa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Kwanan baya ya dawo Jega. Ya ce Mariyama ta taka, tana ɗan ɗingishi idan ta gaji, amma ta koma bin dabbobi. Na je na gaishe shi a bakin rumfa, ya zuba mini shayi, na sha uku. Na kasa kallon idonsa sosai, shi ma haka.

Bashar da Sanusi, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, ku tafi da ɗan ƙasar, kuma duk abin da ya ɗora a mota kada ku sauke shi sai kun tambaye shi amfaninsa, ko da ya yi muku kama da shirgi. Abin da ido ya saba gani a fadamar Jega ba shi ne ma'auni a can ba.

A hanyarmu ta dawowa muka wuce Tawa. Mun kusa Ƙonni, an fara ganin gonakin albasa kore a gefen hanya, sannan na samu ƙarfin tambayar Kawu abin da ke cina.

"Kawu, da ba mu tsaya a rijiyar nan ba, da sai an karya?"

Ya daɗe yana kallon gonakin ta taga.

"Ɗanye na sharaf, Nasiru," in ji shi. "Bai daɗe da kamawa ba. Da mun iso ranar da ya kamata, ja kawai za ni yi."